Hantar Dattijo da Awon Magani

    Gaisuwa ta musamman ga iyayenmu da kakanninmu, domin maganar yau tasu ce.

Da tambaya zan fara. Me ya sa saurayi zai haɗiyi ƙwayar magani ya hau babur ya tafi harkarsa, amma dattijo ya sha irinta ya wuni a kwance kai yana juya masa? Ƙwayar iri ɗaya ce. A kemis ɗaya aka saye ta. To daga ina bambancin ya fito?

Wani zai ce ai ƙarfi ba ɗaya ba ne. Haka ne. Amma likitoci sun bi sawun abin, kuma babban kaso na amsar a hanta suka same shi. Ga maganar a dunƙule, kuma ina roƙon ku riƙe ta, don za mu yi ta komowa kanta. Idan mutum ya manyanta, jinin da ke ratsa hantarsa raguwa yake yi. Hantar lafiyarta lau, amma aikinta ya koma sannu a hankali. Saboda haka magani yana daɗewa a jikin tsoho fiye da jikin yaro.

Kafin mu je ga tsufa, bari mu fara sanin ita hantar.

Tana ɓangaren dama na ciki, can sama, haƙarƙari ya rufe ta. A jikin babban mutum nauyinta ya kai kilo ɗaya da rabi. Wanda ya taɓa tsayawa gaban mahauci ya ga launinta, ja ne mai duhu. Jini ne ya ba ta wannan launi, don a cike take da shi ko da yaushe. Duk jinin da zuciya ta harbo, kusan kashi ɗaya cikin huɗu hanta yake bi. Idan kana son ka gane yawansa, ka tuna ledar ruwan nan da ake sayarwa a bakin titi. Leda uku kenan a kowane minti ɗaya. Kana barci, kana salla, kana ciniki, leda uku na jini suna ratsa hantarka duk minti.

Abin da ya bambanta hanta da yawancin gaɓoɓi shi ne hanya biyu jini ke shigo mata. Hanya ta farko ƙarama ce. Daga wajen zuciya take tasowa, ɗauke da jini mai iskar da muka shaƙa. Hanya ta biyu ita ce babba, ita ke kawo kusan kashi uku cikin huɗu na jinin. Wannan babbar jijiya daga tumbi da hanji da saifa take tattaro jininta. Wato duk abin da ka haɗiya, hanji ya tsotse shi, ta nan zai bi.

Duk ɗan Bauchi ya san Ƙofar Wunti. A zamanin da ganuwa ke tsaye, mai kaya daga ƙauye ba ya faɗo wa gari ta inda ya ga dama. Sai ta ƙofa. A bakin ƙofar kuma akwai masu tsaro. Su duba kaya, su bar na bari ya wuce, su tare na tarewa. To hanta ita ce ƙofar jiki. Tuwo, fura, goro, shayi, ƙwayar asibiti, jiƙon gargajiya, babu wanda zai zagaya jiki sai ya bi ta wurinta. Abinci ta sarrafa shi, ta ajiye wani don gaba. Guba ta karya ta. Magani kuwa ta rage masa ƙarfi tun a shigarsa ta farko, sannan duk zagayen da jini ya yi ya dawo, ta ƙara cire wani abu daga cikinsa, har ya ƙare.

Ku lura da wannan, don a nan maganar take. Hanta ba ta bin magani cikin jiki tana nemansa. Jini ne ke kawo mata shi. Idan jini ya zo da yawa, ta tace da yawa. Idan ya zo kaɗan, ta tace kaɗan.

To yanzu mu shiga tsufa. Me ke canzawa?

Abu na farko, hantar kanta ƙanƙancewa take yi. Abu na biyu, jinin da ke shiga cikinta yana raguwa. A shekarar 1989, wata likita mai suna Hilary Wynne da abokan aikinta a birnin Niyukasil na ƙasar Ingila sun fitar da sakamakon wani bincike a kan haka. Sun tara mutane masu lafiya, daga ɗan shekara 24 har zuwa ɗan shekara 91. Suka auna girman hantar kowa da na'urar hoton ciki, wadda muke ce wa sikanin. Sannan suka sa musu wani koren rini a jini, irin wanda hanta ce kaɗai ke cire shi, suka duba saurin da yake ɓacewa. Abin da suka gani a fili yake. Gwargwadon shekarun mutum, gwargwadon ƙanƙantar hantarsa da ƙarancin jinin da ke bi ta cikinta. Binciken da aka yi bayan nasu ya tabbatar da haka. Tsakanin ƙuruciya da tsufa, jinin yakan ragu da kimanin kashi ɗaya cikin uku, a wasu ma fiye. Wato leda ukun nan sun koma biyu.

Kuma ku tuna, waɗannan mutane ba marasa lafiya ba ne. Ba ciwon hanta gare su ba. Shekaru ne kawai.

Ba rana ɗaya abin ke faruwa ba. Kaɗan-kaɗan yake tafiya, shekara bayan shekara, mutum bai sani ba. Jijiyoyin jini suna rage laushi. Zuciya ba ta da kuzarin da. Jinin da ke tasowa daga hanji, ta babbar hanyar nan, shi ne ya fi raguwa.

Akwai canji na uku, kuma wannan ido ba ya ganinsa sai da na'ura mai ƙarfi. A cikin hanta, jini yana bi ta wasu 'yan siraran hanyoyi. Bangon hanyoyin nan yana da ƙananan huji masu ɗimbin yawa. Ta hujin nan ne abin da ke cikin jini ke tsallakawa ya isa ga ƙwayoyin hanta masu yin aikin. A shekarar 2001, wani likita a ƙasar Ostireliya mai suna David Le Couteur da abokan aikinsa suka nuna cewa da tsufa hujin nan raguwa suke yi, bangon kuma ya yi kauri. A jikin ɓeraye suka fara gani, daga baya aka gan shi a jikin mutane. Ashe ba ƙarancin jinin kaɗai ba ne. Wanda ya samu isowa ma, da ƙyar yake miƙa abin da ya ɗauko.

Masu sauraro, kada wannan ya tayar muku da hankali. Bari in faɗi abin da zai kwantar da shi. Cikin gaɓoɓin jiki, hanta tana cikin masu jure tsufa. Allah ya yi ta da rarar ƙarfi mai yawa. Ko an yanke fiye da rabinta a tiyata, takan sake tofowa, ko da yake ta tsoho ta fi ɗaukar lokaci. A ƙasashen da ake dashen hanta, an sha ɗaukar ta ɗan shekara 80 a dasa wa wani, ta kuma yi aiki. Dattijo mai lafiya idan aka yi masa gwajin jini na hanta, galibi lau zai fito. Ita dai ta koma irin tafiyar da Hausawa ke cewa sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Amma wannan sakamako mai kyau shi ne kan ruɗi mutane. Gwajin da aka saba yi yana nuna ko hanta ta ji rauni ne. Ba ya nuna yawan jinin da ke ratsa ta, ba ya nuna saurin aikinta. Sai ka ji ɗa yana cewa, “Ai an gwada Baba, hantarsa garau.” Gaskiya ne, garau take. Amma ba ta yaro ba ce.

Na ce jinin da ke ratsa hantar tsoho ya ragu. Yanzu bari mu ga abin da hakan ke haifarwa a ɗakin Baba da ɗakin Inna.

Mu ɗauki maganin hawan jini, tunda da wuya ka shiga gida a garin nan ba ka samu mai shan sa ba. Akwai irin su furofaranolol da nifedifin. Waɗannan, a jikin matashi, hanta tana cinye kaso mai yawa daga cikinsu tun kafin su shiga zagayen jini. Da wannan lissafin aka tsara awonsu. A jikin tsoho kuwa, abin da ke tsallakewa ya fi yawa, kuma ya fi daɗewa. Ƙwaya ɗaya sai ta yi aikin da ya wuce na ɗaya. Jini ya sauka fiye da yadda ake so. Dattijo ya miƙe da asuba zai yi alwala, duhu ya rufe masa ido, ƙafa ta kasa ɗaukarsa. Faɗuwar tsoho kuwa ba ƙaramin abu ba ce. Ƙashin ƙugu idan ya karye a wannan shekaru, mutane da yawa ba sa sake komawa yadda suke.

Haka masu kashe zafin ciwo mai tsanani, irin su mofin da taramol. Haka wasu magungunan zuciya. Duk hanta ce ke sarrafa su, kuma duk suna neman a sassauta awonsu ga tsoho.

Sai maganin barci. Wannan ina so a saurara da kyau. Akwai wanda aka fi sani da Valium. Tun a shekarar 1975 masana suka auna daɗewarsa a jiki. Ɗan shekara 20, cikin kusan kwana ɗaya rabin ƙwayar ya bar jikinsa. Ɗan shekara 80 kuwa, sai an doshi kwana huɗu. A nan ba hanta kaɗai ce sanadi ba. Jikin tsoho tsoka ta ragu, kitse ya ƙaru, maganin kuma a kitse yake maƙalewa. Amma sakamakon ɗaya ne. Goggo ta sha daren Litinin. Ta sha daren Talata, na Litinin bai fita ba. Ta ƙara daren Laraba. Kafin Juma'a ta fara sambatu, tana kiran jika da sunan wanda ya rasu, tana gyangyaɗi da rana tsaka. Sai 'yan gida su ce ruɗewar tsufa ce ta zo. Wasu ma su ce iska ce, a tafi neman mai ruƙiyya. Alhali ƙwaya ce ta taru. Ni a ganina, duk tsohon da ya rikice farat ɗaya, cikin kwana biyu ko uku, kafin a ce komai a fara tambayar me ya sha, sannan a kai shi asibiti. Ruɗewar tsufa ba ta zuwa da gaggawa haka.

Mu zo kan farasitamol, wanda kowa ke ce wa Panadol. Maganin kirki ne. Idan aka sha shi bisa ƙa'ida, ya fi wa tsoho aminci a kan yawancin masu kashe ciwo. Babban mutum mai lafiya ba ya wuce ƙwaya takwas a yini da kwana, irin mai miligiram 500. Dattijon da ya rame, wanda ba ya cin abinci sosai, ko mai ciwon hanta, likita kan rage masa ƙasa da haka. Inda matsalar take shi ne farasitamol yana ɓuya. Yana cikin magungunan mura da yawa. Yana cikin na ciwon jiki. Sai tsoho ya sha na zazzaɓi, ya sha na mura, ya sha na ciwon gwiwa, yana ganin magani uku ya sha. Ashe abu ɗaya ya sha sau uku, kuma duk a kan hanta ɗaya zai sauka.

Wannan ya kawo mu kan wata al'ada tamu. A tura yaro kemis, a ce, “Je ka ce a haɗa wa Kaka na ciwon jiki.” Yaro ya dawo da ƙulli, ja da fari da rawaya, babu kwali, babu suna. Mai kemis bai ga Kaka ba. Bai san shekarunta ba, bai san nauyinta ba, bai san me take sha na asibiti ba. Haɗin da zai ba ɗan dako a Kasuwar Wunti ko ɗan acaɓa, shi zai ba ta. Ba na cewa mugunta ce. Da yawansu taimako suke nufi, kuma mun san halin da ake ciki, kuɗin kati da na mota ba kowa ke da su ba. Amma awon ɗan dako ba awon Kaka ba ne. A cikin irin wannan haɗi sau da yawa akwai dikulofenak ko ibufurofen. Waɗannan suna cin tumbin tsoho, suna taɓa ƙoda, suna iya jawo zubar jini a ciki. Ƙodar ma, ku sani, ita ma aikinta raguwa yake yi da shekaru. Hanta ta yi sanyi, ƙoda ta yi sanyi, magani ya rasa mai fitar da shi da wuri.

Wani zai ce, “To ni na bar na Bature, na koma na gargajiya.” Baba, da girmamawa, hanyar ɗaya ce. Sassaƙe, saiwa, tsimi, jiƙo, garin da ake zubawa a kunu, duk hanji ne zai tsotse su, duk babbar jijiyar nan ce za ta kai su hanta. Hanta ba ta tambayar daga asibiti abu ya fito ko daga daji. Na asibiti ko ba komai an san awonsa. Gorar da aka saya wajen mai lasifika a bakin kasuwa, wadda aka ce tana maganin basir da shawara da sanyi da taifot a lokaci ɗaya, wa ya san abin da ke ciki, kuma nawa ne? Ban raina ilimin magabata ba. Amma magabatan ma da suka san itatuwa, ba su ba jariri da babba awo ɗaya. Abin da nake roƙo kaɗan ne. Idan kana shan na gargajiya, ka faɗa wa likita. Kada kunya ta hana ka. Wasu ganyayyaki suna sa maganin asibiti ya ƙara ƙarfi, wasu suna kashe masa ƙarfi, kuma a hanta ake wannan karon.

Ga wani ɗan ratse, tunda maganar jini da hanji muke. Idan mutum ya ci abinci, jini yakan karkata zuwa ciki don aikin narkarwa. Jikin matashi nan da nan yake daidaita kansa. Na tsoho yakan makara. Shi ya sa wasu dattawa ke jin jiri bayan sun ci sun ƙoshi, musamman masu shan maganin hawan jini. Wanda yake haka, ya riƙa cin kaɗan-kaɗan, kuma ya ɗan zauna kafin ya miƙe. A watan azumi a kula da wannan wajen buɗa-baki. Haka lokacin bazara, watan Maris da Afrilu, sa'adda zafin Bauchi ke kai wa maƙura. Tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro. Ruwan jikinsa sai ya ragu bai sani ba, jinin da ke zuwa hanta da ƙoda ya ƙara raguwa. A riƙa miƙa masa ruwa ko bai nema ba.

To jama'a, mu juya zuwa ɗaya gefen maganar, don akwai kuskuren da nake tsoro. Kada wani ya ji wannan sharhi ya riƙa ɗora wa tsufa komai. Tsufa yana rage jinin hanta, amma ba ya toshe shi. Idan hanya ta toshe, ciwo ne.

Ga yadda abin yake. Idan hanta ta daɗe tana jin rauni, tabo yakan maye gurbin namanta, ta taurare. Jinin da ke tasowa daga hanji ya zo ya kasa wucewa. Sai ya taru a baya, ya matsa. Saifa ta kumbura. Ruwa ya taru a ciki, ciki ya yi tulu alhali hannu da wuya suna ramewa. Jinin ya nemi wasu ƙananan hanyoyi a maƙogwaro, can kusa da tumbi, su kumbura, wata rana su fashe. Daga nan sai aman jini, ko bayan gida baƙi ƙirin. Wannan ba tsufa ba ne. Ido ya yi rawaya, ba tsufa ba ne. Ƙafa ta kumbura, ba tsufa ba ne. Mai aman jini kuwa ba a jira gari ya waye da shi. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa yana nan cikin gari, Asibitin Ƙwararru na jiha yana nan. A tafi a lokacin.

Me ke taurara hanta a ƙasarmu? Na gaba-gaba shi ne ciwon hanta nau'in B. Babban binciken da aka yi a faɗin Najeriya a shekarar 2018 ya nuna kimanin mutum 8 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da shi. Allurar rigakafinsa kuwa sai a shekarar 2004 ta shiga jerin alluran jarirai a ƙasar nan. Ku yi lissafi da kanku. Duk dattijon da ke saurarena yau, babu wanda aka yi wa ita yana jariri. Da yawa tun suna yara suka ɗauka, daga uwa wajen haihuwa, ko ta aska da reza da aka yi tarayya a kansu. Ciwon yana iya zama shekara 30 ko 40 bai ce uffan ba. Sai ƙarfin hanta ya fara ja da baya sannan ya bayyana. Gwajinsa ɗigon jini ne, ba ya ɗaukar lokaci. Akwai maganin da ke danne shi, nau'in C kuma ana warkewa daga gare shi da ƙwayoyi cikin kimanin wata uku. Kuma don Allah a daina ware wa mai ciwon kwano da cokali. Ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare, ba a ɗaukarsa ta musabaha.

Bayan shi akwai tsargiya. Mun fi sanin mai sa fitsarin jini. Amma akwai ta hanji, wadda ƙwanta ke bin babbar jijiyar nan ya maƙale a hanta, ya yi tabo a hanyar jini. Wanda ya tashi yana wanka a rafi da kududdufi, ko ya yi rayuwarsa a noman fadama, ya faɗa wa likita haka. Akwai giya da burkutu. Akwai kitsen da ke taruwa a hantar masu ciwon suga da masu ƙiba. Akwai gubar da ke cikin gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna, wadda ke da hannu a sankarar hanta. Zuciya ma idan ta gaza, jini yakan kasa fita daga hanta, ta kumbura, mutum ya riƙa jin nauyi a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Kowanne cikin waɗannan idan ya haɗu da tsufa, awon magani sai an ƙara sassauta shi.

Mu dawo kan batunmu. Hantar tsoho mai lafiya ba ta lalace ba. Jinin da ke isa gare ta ne ya ragu, aikinta ya koma a hankali, magani yana daɗewa.

Likitocin tsofaffi suna da ƙa'idar da suke bi saboda wannan. A fara da kaɗan, a ƙara sannu-sannu, ana dubawa. Kula da lafiyar tsofaffi fanni ne mai zaman kansa, kamar yadda na yara yake. A Najeriya, sai a shekarar 2012 aka buɗe cibiya ta farko ta musamman dominsu, a Asibitin Koyarwa na Ibadan. Masu wannan ƙwarewa har yanzu ba su da yawa, balle a nan Arewa. Ni ina ganin lokaci ya yi da manyan asibitocinmu za su ware wa dattawa ranarsu da layinsu, da wanda zai zauna ya duba duk magungunansu gaba ɗaya. Domin tsoho ɗaya sai ka same shi da katin wajen masu hawan jini, da na masu suga, da na masu ƙashi. Kowane likita ya rubuta nasa, wani bai ga na wani ba. Magani biyar, shida, bakwai, duk suna layi a kan hanta ɗaya.

Saboda haka idan likita ya ce wa Hajiya rabin ƙwaya, ba rowa ya yi mata ba. Kada ɗa ya ce, “Ni guda nake sha, ke ma sha guda ki warke da wuri.” Kada Alhaji ya ari na amininsa a majalisa don ciwonsu ya yi kama. Kuma ga gargaɗi mai nauyi, ku ji shi da kyau. Ban ce kowa ya daina shan maganinsa ba. Ban ce kowa ya rage da kansa ba. Mai hawan jini da ya ajiye ƙwayarsa farat ɗaya yana iya gamuwa da shanyewar ɓarin jiki. Ragewa da ƙarawa aikin likita ne. Naka shi ne ka koma ka gaya masa abin da kake ji. Jiri ne, yawan barci ne, mantuwa ce, rashin cin abinci ne, faɗuwa ce, duk ka faɗa.

Yanzu gare ku, 'ya'ya da jikoki, da surukai mata waɗanda galibi su ne ke ɗawainiyar tsofaffi a gidajenmu. Yau da dare, bayan sallar isha'i, ku shiga ɗakin Baba ko na Inna. Ku nemi izini cikin ladabi. Ku tattara duk abin da suke sha, na kan taga, na ƙarƙashin matashi, na aljihun riga, na cikin kwalla, har da gorar jiƙo da ƙullin gari. Ku zuba a leda ɗaya. Ranar komawa asibiti ku tafi da ledar, ku ajiye ta gaban likita ko mai ba da magani. Ku faɗi shekarun mai shan su. Ku tambaya wanne za a ci gaba da shi, wanne ya maimaita wani, wanne ya yi masa yawa. Idan ba a taɓa yi masa gwajin ciwon hanta ba, ku roƙa a yi a ranar, ku ma ku miƙa hannu a yi muku.

Ku kuma iyayenmu, Baffa da Goggo, Kawu da Inna, ku yi haƙuri ku bar yaran nan su duba. Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, ya sa ku ga auren jikoki.